Yawun Ovide

"Sake gwadawa, Baba," in ji Renella, tana riƙe da 'yar kwalba a bakin surukinta.

Ovide ya motsa leɓe, ko ɗigo. Ciwon huhu ya busar da shi sarai. Maƙwabcinsa Clovis na zaune gindin fanka yana kallo. Tun suna samari suke kamun jatan lande tare a gaɓar Louisiana, bai taɓa ganin bakin nan ya rasa yawu ba, balle magana.

Duk a kan Josette ake yi, 'yar Renella, jikar Ovide mai shekara biyu. Da zazzaɓi ya taɓa ta sai jijjiga, ido ya kafe. Likita ya ga wani canji a ƙwayar halittarta. Ya ce in gado ne daga kakan, wanda ya yi irin wannan yana yaro kuma ya wuce, to da sauƙi. In kuwa a kanta ya fara, a shirya wa farfaɗiya mai tsanani. Uban yarinyar, ɗan Ovide, teku ta ci shi, saura Ovide a gwada yawunsa. Shi kuwa wata da watanni yana cewa jinin gidansu lafiya lau yake, a je a binciki dangin uwa. Sai da ƙasa ta fara kiransa ya yarda.

Clovis ya miƙe, gwiwa na ƙara, ya tsallaka zuwa gidansa. Ya dawo da lemon tsami da wuƙa. Renella ta ce an hana ci da sha kafin gwajin.

"Wa ya ce shi zai sha, 'yata?"

Haka suke yi wa juna a jirgi in rana ta ƙafar da maƙogwaro: ɗaya ya sha tsami, yawun mai kallo ya tsinke. Ya ja kujera dab da gado, ya yanka a hankali, ya tsotsa, ya yamutse fuska.

"Kalli nan, tsohon kada."

"Mugu," in ji Ovide, murya can ƙasa. "Har a bakin kabari sai ka sha ka hana ni."

Sai da lemo biyu suka ƙare, haƙoran Clovis suka mutu, kafin yawun ya kai layin kwalbar.

Ran Lahadi Ovide ya cika. Bayan an binne shi sakamako ya zo: gado ne daga gare shi. Renella ta faɗa wa Clovis ta kan shinge, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ya ce ai ya sani, taurin kan yarinyar da na kakan ma iri ɗaya ne.

Da yamma ya shiga taya ta kwashe ɗakin Ovide. Josette na tsakar gida tana wasa da ruwan tiyo. A kan taga ɓawon lemon yana nan, ya bushe ya naɗe.