Ayar da Ta Tsayar da Baba Dunoma

"Dakata," in ji Baba Dunoma. "Koma baya kaɗan."

Haladu ya ɗaga kai daga Alƙur'anin da ke kan cinyarsa. Masaƙi ne shi, danga ce kawai ta raba gidansa da na tsohon a nan Roni. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba Dunoma, idonsa kuma ya yi rauni, kullum bayan la'asar Haladu yakan bar saƙa ya shigo ya yi masa karatu. Bakinsa ya iya, amma ma'ana sai abin da tsohon ya fassara masa, don shi a Barno ya yi karatu kafin fataucin kanwa ya kawo shi ƙasar Kazaure.

Haladu ya koma baya cikin surar Baladi, ya maimaita a hankali. Ba ka jin komai sai fitar numfashin tsohon da ƙarar daka daga tsakar gida.

"Ka san abin da ka karanta?"

"A'a, Baba."

"Ana maganar wata hanya ce mai wuyar hawa, irin ta dutsen nan namu da jaki ke turjewa a kai. Aka ce mutum bai kutsa cikinta ba. Sai aka faɗi ko mece ce, farkonta 'yanta bawa." Ya yi tari mai tsawo. "Sauka nawa na yi, Haladu? Ni ma ban sani ba. A kan jaki na karanta wannan, a zango na karanta, ina wucewa da gudu don in kai ƙarshe. Yau da ba ni da numfashin gudu, yau ta tare ni. Wa ke daka?"

"Dela ce."

Dela baiwarsa ce. Tana yarinya ya saye ta a hannun waɗanda suka kamo ta daga kudu, ga shi yanzu furfura ta fara fito mata. Ita ta yi jinyar matarsa har ta rasu, ita ke juya shi a shimfiɗa.

"Je ka kira mini liman. Yanzu, kada ka tsaya ko'ina."

A zaure Haladu ya yi kiciɓis da Sama'ilu, ɗan tsohon, wanda ashe duk ya ji. Ya riƙe masa hannun riga.

"Malam Haladu, zafin ciwo ne ke sa Baba surutu. Na riga na yi magana da wani bafatake, doki zai ba ni a kanta. In liman ya tambaye ka, ka ce ba ya cikin hayyacinsa. Ka tuna gonar da kake nomawa tamu ce."

Haladu ya zare hannunsa ya fita. Har ya isa gidan liman yana tunanin gonar nan, don da ita yake ciyar da iyalinsa.

Da suka dawo, an jingina tsohon da bango. Aka kira Dela, ta durƙusa a bakin ƙofa, hannunta duk dusa.

"Ku shaida," in ji Baba Dunoma, "daga yau Dela 'ya ce, na 'yanta ta. Ba mai gadonta, ba mai sayar da ita."

"Allah gafarta malam, ba ya cikin hankalinsa," Sama'ilu ya yi caraf.

Liman ya juya. "Haladu, kai ke zama da shi. Me ka gani?"

Haladu ya dubi liman. "Ɗazun nan na yi tuntuɓe a aya, shi ya gyara mini. Hankalinsa ɗaya."

Liman ya ce tunda darajar Dela ba ta haura sulusin dukiyarsa ba, magana ta zauna. Sama'ilu ya buga rigarsa ya fice.

Tsohon ya dubi inda take. "Dela, na makara. Ki yafe mini."

Dela ta ɗago kai.

"Uwata ba ta san inda nake ba, Baba," ta ce. "Wannan ba ni ke da ikon yafe shi ba. Amma nawa na yafe."

Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Ya ce Haladu ya ci gaba da karatu, aya ɗaya ɗaya, kada ya yi sauri. A haka suka yi kwanakin da suka rage, wata rana aya biyu kawai ke kai su magariba. Ranar wata Alhamis da hantsi ya cika.

Ba a jima da sadakar bakwai ba Sama'ilu ya karɓe gonar. Haladu ya nemi wata a bayan dutse, mai tsakuwa, ya shiga sassabe. Matarsa Fatu ta share wa Dela ɗaki a gidansu, ba ta ko tsaya shawara da shi ba.

Wata rana ya dawo da azahar, gatari a kafaɗa, ya tarar da Dela a gindin tsamiya ta miƙe ƙafafu, barci ya kwashe ta da rana tsaka. Kaji na ta kiwo kusa da ita. Haladu ya tuɓe takalmansa, ya raɓa ta gefen rumbu ya wuce.