Ranar da Yaya Ganzorig Ya Zama Dutse

Tun da yayana Ganzorig ya gina gidan bulo mai rufin kwano a gonarmu ta alkama, ya hana Inna sakat. Wai ta bar ger ɗinta, zagayayyen ɗakin sanduna da bargon gashin tumaki da ta haife mu a ciki. Ni ina bayan Inna, amma wa ke jin ta bakin ƙanwa?

"Inna, wannan ai kwando ne aka kife," in ji shi. "Iskar ƙarshen sanyi ta taso, sai dai mu tsinto ki a ƙasar Sin."

"To mu yi haka," in ji Inna. "In ta kayar da shi, na bi ka gidanka. In ya tsaya, ka shafa min lafiya."

Iskar ta zo da rana tsaka, muna shan shayin madara da gishiri. Sanduna suka fara ƙara, rufi na ɗagawa. Abin yi sananne ne: igiyar da ke rataye a tsakiyar rufi, ita ake ɗaura wa dutse mai nauyi. Inna ta leƙa bayan ƙofa, inda muke ajiye namu. Wayam!

"Ina dutsen babanku?"

Yaya ya sosa ƙeya. Ashe ya sa shi a harsashin gidansa.

Inna ta ƙare masa kallo, idonta ya tsaya kan tumbinsa.

"Kama igiyar."

"Ni?"

"A'a, kakarka! Kama, ka naɗe ƙafafu!"

Haka ƙaton mutum, mai motar noma da 'ya'ya uku, ya yi ta reto a tsakiyar ɗaki. Iska ta ɗaga shi, ta dire.

"Tsermaa, riƙe min ƙafa mana!" ya ƙwala min kira.

Na rungume takalminsa, tsoro da dariya suna cina. Can muka ji ƙwaram daga waje.

Da iska ta lafa muka fito. Ger na nan daram, hayaƙi ma bai fasa fita ba. Kwanon rufin gidan Yaya kuwa yana can tsakiyar gona, awaki na shinshina shi. Daɗi ya kashe ni, ban ɓoye ba.

Inna ta shafa tumbin ɗanta.

"Ashe ba a banza na ɗura maka wutsiyar rago mai kitse ba. Jeka kwaso matarka da yara, akwai wurin kwana a kwandon."