Mai Wanki a Ƙofar Gaba

Shekara goma sha ɗaya mai wanki yana wanke ƙyallayen teburin wani babban gidan abinci, yana goge su, yana kai su ta ƙofar baya. Ko cokali ɗaya bai taɓa ci a can ba. Amma a gida, in ka ji shi yana ba matarsa labari, sai ka rantse da shi aka kafa wurin. "Ai ji suke da ni," in ji shi. "Manaja ma Baba yake ce mini." Ba ƙarya ya yi ba, Baba suke ce masa. Sai dai akwai Baban girmamawa, akwai na rashin sanin suna.

Da matar ta tashi daga doguwar jinya, ya ce zai kai ta ta ci shinkafa da kaza a kan ƙyallen da ya goge da hannunsa. Abin da yake so ke nan: ta gani da idonta cewa mijinta mutum ne a wajen mutane.

Ya sa sabuwar rigarsa, suka isa da rana tsaka. Mai gadi ya tare su.

"Baba, ka manta hanya ne? Ta baya."

"Yau ci muka zo yi," in ji mai wanki, yana dariyar yaƙe.

Mai gadin ya dube su sama da ƙasa kafin ya matsa. A ciki wata ma'aikaciya ta wuce da su teburori shida da ba kowa, ta ajiye su a lungu, jikin ƙofar kicin, inda duk wanda ya fito sai ƙofar ta bugi kujerar matar.

"Nan ya fi iska," ya ce wa matarsa. Ta ce haka ne.

Suka zauna. Waɗanda suka zo bayansu suka ci, suka sha, har suna sakace haƙori. Sau uku yana ɗaga hannu, sau uku ma'aikaciyar tana kallon bango. Da ta ga dama ta zo, ba ta tambaye su abin da za su ci ba. Ƙyallen teburinsu ta yaye, ta ninke.

"Wancan teburin ya ɓaci, baƙi na jira," ta ce. "Ku ai 'yan gida ne."

Kunya ta rufe shi, har ya kasa duban matarsa. Ita kuwa ta ɗora hannuwanta a kan katakon teburin.

Can sai ga manaja ya fito daga kicin. Mai wanki ya miƙe da murna, ya ce a ransa yanzu za a gyara komai.

"Ranka ya daɗe, ga iyalina, na kawo ta..."

"Yawwa Baba, ka hutar da mu," in ji manaja, ko kallonta bai yi ba. Ya leƙa ciki, ya jawo ƙullin ƙyallaye masu maiƙo, ya dire a gabansa. "Ka tafi da su, gobe da wuri."

To, mai wanki ba ya karɓar kaya sai ya ƙirga, wannan dokar sana'a ce, ta riga ta shiga jininsa. Kafin ya yi tunani ya riga ya durƙusa a tsakar gidan abincin, cikin sabuwar riga, yana ware ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya. Ya kai goma sha huɗu sannan ya tuna abin da ya kawo shi. Ya ɗago. Matarsa na kallonsa, idonta ya cika.

"Baban yara, tashi mu tafi," ta ce a hankali. "Ba na jin yunwa."

Ya so ya bar ƙullin a nan, wallahi ya so. Amma da shi ake cin tuwon gidansa, sai ya ɗaure ya saɓa a kafaɗa. Suka fita, mai gadi na ce masa gobe ya bi ta baya.

Sun yi nisa a titi. Sai ta tsaya, ta kama gefe ɗaya na ƙullin, duk da jikinta bai gama ƙwari ba.

"Shekara goma sha ɗaya haka suke yi maka?"

Ya gyara zaman ƙullin a kafaɗarsa.

"A'a," ya ce. "Yau sun ga idonki, sun sassauta."