Igiyar Bruna

Tun rana ba ta gama fitowa ba Wendelin yake danna hon a ƙofar gida, a unguwar da ko tari mutum ya yi da ƙarfi sai maƙwabta sun ɗaga labule. Matarsa Ladina ta fito da kwandon burodi da cuku a hannu ɗaya, tana jan ɗansu Linus da ɗayan. Ta dubi gajeren wandon fatar da mijinta ya cusa kansa a ciki, ta tuntsire da dariya.

"Baban Seraina, wannan wandon naka ne, ko na Linus ka ara?"

"Shiga mota, don Allah. Fata ce, za ta saki."

"Ita za ta saki ko kai?"

Wendelin dai bakinsa har kunne. Yau shanun ƙauyensu da ke Italiya ke saukowa daga kan dutse, bayan sun shafe watannin zafi suna kiwo a can. Bana ko ɗan maraƙi ba a rasa ba, don haka za a ɗora wa saniyar gaba kambin furanni, kamar yadda ake yi duk shekarar da garke ya dawo cif. Saniyar gaban kuwa Bruna ce, ta mahaifinsa, tsoho Engelbert, wanda ciwon gwiwa ya sa a gaba bana. Tun da Wendelin ya bar gona ya tafi birnin St. Gallen na Suwizalan gyaran lif, na'urar hawa bene, tsohon bai taɓa ce masa zo ba, bai kuma ce masa tafi ba. Sai ga shi makon jiya ya bugo waya da kansa. "Ranar Asabar da tsakar rana shanu za su tashi daga gada. Kai za ka riƙe igiyar Bruna." Ya kashe wayarsa. Wendelin ya san halin mahaifinsa, ba ya roƙo sau biyu. In ya makara, Hubert ɗan kawunsa zai karɓi igiyar, shi ke nan kuma an rufe maganar har abada.

Ladina ta so su tafi tun ranar Juma'a. Ya ce ina, ai ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Gaskiyar magana, tsoro yake ji kada su zauna cin abincin yamma da tsohon, su rasa abin da za su ce wa juna.

Seraina, babbar 'yarsu mai shekara tara da bakin mutum goma, ita ta naɗa kanta mai shelar ƙasashe. Suna haye kogi ta buga murfin kwandon abinci ta ce an bar Suwizalan. Daidai lokacin ne takalmin Linus ya faɗa ƙarƙashin kujera. Ya sunkuya yana lalube, ya sami takalmin, ya sami wata tsohuwar alewa, ya tsaya ɓare ta. Da ya ɗago kai yayarsa ta dube shi da tausayin ƙarya.

"Wayyo ɗan ƙanena. Ƙasa guda ta wuce ka."

"Ƙarya kike!"

"Tambayi Mama. Liktenstain ta wuce, muna Ostiriya."

Linus ya wangale baki ya ce sai an koma. Sai da Ladina ta yi masa alkawarin cewa a dawowa za a tsaya ya taka ƙasar da ƙafarsa, har ya yi fitsari a cikinta in yana so, sannan aka sami zaman lafiya.

Suka shiga doguwar hanyar da ta huda dutse. Yaran suka yi gasar riƙe numfashi har a fita, abin da ko kifi ba zai iya ba a wannan ramin, suka ƙare da shaƙuwa da zargin juna da maguɗi. Suna fitowa haske ya mare su. Dusar ƙanƙarar farko ta zuba a kan duwatsu, fari fat, ƙasa kuwa ciyawa shar. Yaran suka sa ihu. Wendelin ya sauke gilashi, iskar ta shigo da ƙamshin busasshiyar ciyawa, sai kawai ya ji wani abu ya taso masa daga ciki. Ya buɗe maƙogwaro ya saki kiran nan na makiyaya da rabonsa da shi tun yana saurayi. Muryar ta hau, ta hau, ta karye a tsakiya kamar ta zakaran da ke koyon cara.

"Kash," in ji Ladina, tana share hawayen dariya. "In Bruna ta ji wannan, kan dutse za ta koma."

"Ƙara, Baba! Ƙara!"

Ya ƙara, duk suka taya shi. A ransa yana ganin kansa a gaban garke, igiya a hannu, ƙauye kaf na kallo, tsohon na tsaye a gefe yana yi kamar bai gani ba. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

A wani ƙauye kafin iyakar Italiya suka fara jin ƙararrawa. Suna shan kwana suka ga hanya cike da shanu, daga bango zuwa bango, suna tafe kamar masu rakiyar amarya. Wendelin, ɗan makiyayi guda, wanda ya san hanya kamar yunwar cikinsa, ya manta cewa ba ƙauyensu kaɗai ke da shanu ba, kuma kowa Asabar yake sauko da nasa.

Yaran kam gaba ta kai su. Wata jar saniya ta zuro kai ta taga, ta lashe burodin da ke hannun Linus har da yatsunsa, ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana cewa ta gaishe shi. Wendelin kuwa agogo yake kallo, yana ji kamar ya fita ya ɗauki motar a ka. Sai ga wayar ƙanwarsa Burgi.

"Yaya, kuna ina? Baba ya sa hularsa ta biki tun safe. Wuyansa ya kusa ƙagewa don duban hanya."

"Muna tafe. Hubert fa?"

"Yana nan yana ta zagaye Bruna kamar shi ya haife ta."

Da shanun suka kauce, ya taka mota iya yadda kwane-kwanen hanyar dutse suka yarda. Waƙa ta mutu. Da suka shiga Italiya, Seraina ta leƙa fuskar babanta ta madubi, ta yi shelarta a hankali cikin kunnen Linus.

A gindin ƙauyen suka tarar an gitta katako an rufe hanya. Mai tsaron kuwa Oswald ne, abokin kokawarsa na yarinta, cikin rigar 'yan kwana-kwana.

"Wendel! Kai ne ka zama haka? Lallai birni ya karɓe ka!"

"Buɗe mini, Oswald, don girman Allah."

"Ko limamin coci a ƙafa ya wuce. Kuma ai sun tashi daga gada tun ɗazu. Ba ka ji ba?"

Ya ji. Ƙararrawa na gangarowa daga sama, manya da ƙanana, ga busar ƙahoni a bayansu. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon katakon nan.

Ladina ta miƙa hannu ta zare makulli. "Fita. Ko Hubert ne ya riƙe, ka je ka tsaya inda babanka zai gan ka. Kwashi yaranka, ni zan ji da mota. Gudu, malam!"

Ya saɓa Linus a wuya, ya tsallake katangar gonar tuffa, ya kama 'yar hanyar da suke bi in sun makara makaranta. Seraina na gaba, gashinta na tashi, tana ihun a ba su hanya alhali ba kowa sai kaji. Linus ya riƙe kunnuwan babansa yana dukan ƙirjinsa da dunduniya. "Sauri, dokina, sauri!" Huhun Wendelin kamar zai fashe, amma ƙafafunsa sun tuna kowane dutse.

Suka ɓullo ta bayan coci, suka kutsa cikin jama'a. Ga Bruna nan tafe, kambin furanni ya fi ƙahonninta tsayi, ƙatuwar ƙararrawa na kaɗawa a wuyanta, garke na biye. Wendelin ya nemi fuskar Hubert a gefenta. Can baya ya hango shi, hannu a aljihu, yana cika yana batsewa.

Tsoho Engelbert ne riƙe da igiyar. Yana jan ƙafar nan mai ciwo, babu sanda, gumi na ɗiga daga ƙasan hularsa, ya cije leɓe. Burgi na biye da shi da sandar a hannu, ido jawur.

"Ya ƙi ba kowa," ta ce da ta ga yayanta. "Tun daga gada yake tafe a haka. Wai igiya da mai ita."

Wendelin ya sauke Linus ya shiga tsakiyar hanya. Shanu ba sa tsayawa, tsohon ma bai tsaya ba, bai ko juyo ba. Ya dai miƙo hannu gefe. Wendelin ya karɓi igiyar, ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Baba, na makara."

"Na gani," in ji tsohon, ya dafa kafaɗar ɗansa, ya sakar masa nauyinsa duka. "Kada ka ja ta, ta fi ka sanin hanyar gida. Kuma ka rage sauri, tare za mu shiga."