Ruwan Teku a Gidan Inna Hafsatu

Kifin farko da ya mutu a akwatin gilashin Sa'adu, ɗan'uwansa kifi ne ya kashe shi, da rana tsaka, a gaban idon mai su. Wani ɗan shuɗi ne da bai fi babban yatsa ba ya tasa mai ruwan ɗorawa gaba, ya bi shi lungu-lungu tsakanin duwatsu yana yagar masa bindi, har ya bar shi yana juyi a kan yashi, ido ɗaya a ƙwaƙule. Sa'adu ya bugi gilashin, ya zura hannu, ya yi ta zagi, duk a banza. Da ya tsamo gawar sai ya tsaya yana kallon mai kisan. Haushi ya kama shi, amma abin ya burge shi, don hali ya zo ɗaya. Nan take ya raɗa wa kifin suna Ɗan Tauri.

Duk Matameye an san Sa'adu da zuciya irin ta kuturu. Shi ne auta a ɗakin Inna Hafsatu, kuma tun yana yaro in ya ce abu nasa ne, to mai taɓawa ya shirya. Kowace shekara in an gama girbi yakan tafi ci-rani Ikko, can bakin teku, inda ya samu aiki wurin wani mai sayar da kifin ado, yana wanke akwatuna yana haɗa ruwan gishiri. Abokan tafiyarsa in za su dawo sukan sayo babur ko kwanon rufi. Shi kuwa bana sai ga shi da akwatin gilashi naɗe cikin katifa a saman motar haya, da buhun wani gishiri na musamman, da farin yashi, da duwatsu masu huji-huji kamar gidan rina. Ya girka akwatin a ɗakinsa, ya ɗora panno mai kama hasken rana bisa rufi, ya jona batir da ɗan injin da ke motsa ruwa, ya kafa fanka tana busa saman ruwan saboda zafin bazara. Sannan ya bar shi makonni babu kifi ko ɗaya, wai sai ruwan ya nuna. 'Yan unguwa suka sami abin dariya, suka ce Sa'adu ya bar ci-rani ya koma kiwon ruwa. Ranar da wani direba ya kawo masa kifaye huɗu daga Kano cikin leda, dariya ta tsaya, aka koma layin kallo.

Wansa Tanko mutum ne mai sanyi, ba ka jin bakinsa, kiwon raguna ne sana'arsa. To, dabba da gishiri kuwa sai dai Allah ya raba. Wata safiya babban ragonsa ya tsinke igiya, ya kutsa ɗakin Sa'adu, ya farke buhun nan, ya ci iya cinsa, ya tattake sauran da ƙasa, ya tsula fitsari a kai. Sa'adu ya shigo ya tarar da shi yana lasar baki. Ya rufe ƙofa, ya ɗauki taɓarya, ya hau shi da duka ta ko'ina. Ragon na kuka yana karo da bango, shi kuwa sai ƙara lafta masa yake, har ƙaho ɗaya ya fita da jini, ƙafar baya ta karye tana reto. Da aka ɓalle ƙofar, dole Tanko ya sa wuƙa nan take kafin ragon ya zama mushe. Da ya yanka, abin da ya ce kawai shi ne Allah ya shirya.

Gishiri dai ya tafi, kuma irinsa babu shi ko a Zinder. Na kasuwa ba ya yi. Ruwan da ke cikin akwatin nan shi ne iyakar tekun da Sa'adu ya mallaka, in ya ɓaci kifayen sun tafi ke nan. Daga ranar ya daina barin kowa ya leƙa ɗakin.

Maigidansa na Ikko ya koya masa abu ɗaya ya nanata: in zafi ya sha ruwan akwati, ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan, saboda haka da ruwa mai daɗi ake cikawa. Lokacin sharar gona ne, Sa'adu kan fita da safe zuwa gonarsu ta hanyar Kurni, in ya dawo ya ga ruwa ya sauka sai ya cika. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Raguwar ta fara wuce ta zafi. Kifaye suka koɗe, suka daina cin abinci, biyu suka mutu a jere. Ya ɗauko ɗan tsinken gilashin da ake gwada nauyin gishiri da shi, ya saka a ruwa, tsinken ya nutse har wuya. Sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ne ke kwasar ruwan da gishirinsa duka, shi kuma wawa yana dawowa yana tsarma sauran da hannunsa. Ɗan Tauri kaɗai ya rage, shi ma ya daina faɗa, ya maƙale a gindin dutse yana numfashi da ƙyar. Sa'adu ya ji tausayinsa har idonsa ya cika, kuma zuciyarsa ba ta kawo masa sunan kowa ba sai na mai rago.

Washegari ya saɓa fartanya kamar kullum, ya fita, ya kai bakin gari, ya juyo. Da hantsi ya shigo gida. A tsakar gida ya ga Inna Hafsatu zaune da maƙwabciyarsu Basira, a ɗakinsa kuwa ƙofa buɗe, Tanko ya sunkuya a kan akwati da ludayi, yana ɗura ruwa a buteli.

Da Sa'adu mai tsayawa ya ji ne, da ya ji abin da kowa a unguwar ya sani ban da shi. Mutanen garin sun daɗe da ɗaukar ruwan teku magani, na ƙaiƙayi, na kumburin ƙafa, na karya sammu. A da sai an roƙi 'yan ci-rani su taho da shi a 'yar kwalba, yanzu kuwa ga teku ta zo har cikin unguwa. Ita kuma Inna Hafsatu tun tana amarya akwai randa da moɗa a zauren gidan nan, ba a taɓa cewa a ba ni ruwa ta ce babu ba, ko ɗan gari ko matafiyi. A wurinta ruwa ruwa ne, hana shi abin kunya ne da ba ta gada ba. Ta ga kuma ko an ɗiba da safe, da yamma akwati ya koma cike, sai ta ɗauka albarkar sadaka ce. Saboda tsufa ne take aiken Tanko ya ɗebo wa masu roƙo.

Sa'adu bai tsaya ba. Ya jefar da fartanya a bakin ƙofa, ya damƙo wuyan rigar wansa ta baya, ya juyo da shi, ya sharara masa mari.

Tanko ya dafe kunci ya ce, “Sa'adu, ni ka mara?”

“An mare ka. Ramuwar ragonka ke nan, ko? Ka kashe mini su ɗaya-ɗaya, munafuki.”

“Inna ta aike ni. Je ka tambaye ta.”

Sa'adu ya ce ƙarya yake, ya ƙara masa wani marin. To, mai sanyi ma yana da ranarsa, kuma mutumin da ke kayar da rago shi kaɗai ba abin wasa ba ne. Tanko ya ajiye buteli, ya sure ƙanensa sama, ya maka shi da ƙyauren ƙofa. Bakin Sa'adu ya fashe, ya tofar da haƙori. Ya tashi ya kai wa Tanko karo a ciki, suka zube tare, suna birgima suna naushin juna. Tanko ya danne shi ya shaƙe masa wuya yana cewa ya isa haka, Sa'adu ya gantsara masa cizo a dantse har sai da ya ji gishirin jini. Inna Hafsatu na daga bakin ƙofa tana salati tana kiran sunayensu, Basira ta fita da gudu neman maza.

Hannun Sa'adu ya faɗa kan fartanya. Ya miƙe ya kai sara da dukan ƙarfinsa. Tanko ya sunkuya, bakin fartanya ya sauka a kan gilashi. Akwatin ya tsage daga sama har ƙasa, sannan ya buɗe gaba ɗaya, ruwa da yashi da duwatsu suka kwararo tsakar ɗaki. Santsi ya kwashe Tanko ya faɗi rigingine a kan fasassun gilashi. Nan ya kamata mai hankali ya tsaya, amma ganin tekunsa na bin ƙasa sai ya ƙara haukata Sa'adu. Inna ta riƙe masa ƙafa, ya fizge, tsohuwa ta faɗi gefe. Ya juya fartanya ya sauke wa wansa ƙotar a fuska. Tanko ya yi ƙara sau ɗaya, ya rufe idon hagu da hannu biyu, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa.

A lokacin ne Sa'adu ya hango ɗan shuɗin abu yana tsalle cikin laka da jini. Ya yar da fartanya. Ya tsallake wansa, ya tallafo Ɗan Tauri a tafin hannu, ya fizgi ƙwarya a kan randar tsakar gida, ya juye ɗan ruwan da ke cikin butelin Tanko. Ko bayan kifin bai rufe ba. Kifin ya kwanta a gefe guda, kumatunsa na buɗewa a hankali.

Duk ruwan tekun da ya rage a Matameye yana gidajen maƙwabta. Sa'adu ya fita a guje riƙe da ƙwaryar, ba takalmi, tafin ƙafarsa a tsage, riga jina-jina. Ya ci karo da Basira a lungu ya tsare ta, ta lissafa masa gidajen da suka karɓa. Ya bi su ƙofa-ƙofa yana sallama da fasasshen baki, yana roƙon a taimake shi da ruwa. Labari ya riga shi isa ko'ina. Mata suka riƙa miƙo kwalabe daga bayan ƙyaure ba tare da sun dube shi ba. Wani ruwan an wanke rubutu a ciki ya yi baƙi, wani an jiƙa saƙe-saƙi, waɗannan ya ture su. Malam Idrisa, limamin unguwa, ya fito da kansa riƙe da babban buteli, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tambaye shi ko shi ne wanda ya fasa kan ɗan'uwansa a kan ludayin ruwa. Sa'adu ya sunkuyar da kai. Malam ya miƙa masa butelin, ya juya ya shige.

Wannan ruwan tun farkon ɗiba aka karɓe shi, gishirinsa cikakke. Sa'adu ya tsuguna a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci yana zubawa a ƙwaryar kaɗan-kaɗan. Yana cikin haka aka wuce da Tanko a amalanke za a kai shi likita, kansa naɗe da zanen Inna, ita kuma tana biye tana ɗingishi. Sa'adu ya ɗaga kai ya gan su, ya mayar da idonsa kan ƙwarya, ya kare ta daga rana da jikinsa. Can sai Ɗan Tauri ya miƙe, ya kaɗa bindi, ya zaga ƙwaryar, har ya kai wa yatsansa cizo. Daɗi ya kama Sa'adu, ya yi dariya shi kaɗai da bakinsa mai jini.

Bai tashi komawa gida ba sai bayan la'asar. Masu fitowa daga masallaci ne ya ji suna faɗa wa juna cewa Tanko zai rayu, amma idon ya tafi. Suka raɓa shi suka wuce. Sai a lokacin tsoro ya shige shi. Ya tashi ya nufi gida yana tafiya a hankali don kada ruwa ya zube, yana shirya kalaman ban haƙuri a ransa.

Inna Hafsatu na zaune a zaure, goshinta a kumbure, jinin Tanko ya bushe a rigarta. Sa'adu ya yi sallama. Ta amsa cikakkiyar amsa, irin wadda ake yi wa baƙo. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ta miƙe da ƙyar, ta buɗe randar zaure, ta cika moɗa, ta zo ta tsaya a kan dokin ƙofa ta miƙo masa.

“Bawan Allah, ga ruwa. Sha ka wuce.”

“Inna, ni ne fa. Sa'adu ne.”

“Na ji. Ba a hana ruwa a gidan nan, ko wane ne. Sha ka wuce.”

Hannuwansa biyu na riƙe da ƙwarya. Ya durƙusa ya ajiye ta a ƙasa, ya karɓi moɗar, ya sha yana kuka, ruwan na shiga tsagar bakinsa da zafi. Ta jira har ya shanye, ta karɓi moɗarta, ta ja ƙyauren zaure ta sa sakata.