Ranar da Tela Ta Kunna Hita

Tela na tsaye a kan kujera tana ɓamɓare ledar da ta manne a jikin taga, sai Direba ya ɗago kai daga cikin barguna ya ce, "Idan kika faɗo daga nan, wa zai ɗaga wani a cikinmu?"

"Kai dai ji da tarinka," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba.

Ta fizge ledar, gam ɗin ya taho da fentin bango. Ta sauko a hankali tana dafa gwiwa, ta ninke ledar ta cusa ƙarƙashin gado. Daga nan ta bi ƙofofi tana kwashe tsummokaran da ta toshe ƙasansu da su.

Shekara arba'in da shida ke nan da aurensu, kuma duk benen nan babu mai kiransu da sunan yanka. Ita ta yi ɗinki har idonta ya daina ganin kafar allura, shi kuma ya ja motar haya har ƙirjinsa ya ce ya isa. Yanzu abin da suka dogara da shi ɗan fansho ne wanda ba ya ganin ƙarshen wata, ga kuɗin wuta kullum sai hawa yake kamar ana tura shi.

Tun shigowar sanyin bana Tela ta zama gwana a kan kashe wuta, da ana ba da takardar shaida da ta samu. Ta rufe falo, ta rufe tsohon ɗakin yara, suka tattara suka koma ɗaki ɗaya. Ta cire firiji daga soket, ta ce ai bayan taga ma firiji ne. Sau ɗaya take tafasa ruwa da safe ta cika filas biyu, da shi za a sha shayi, da shi za a yi alwala, da shi za a cika gorar da take sa masa a ƙafa. Kwan fitila ɗaya ne ke ci a gidan. Hita mai ɗumama ɗaki kuwa sai ranar da za ta yi masa wanka, ita ma rabin awa, tana kallon agogo. Sauran lokaci a cikin rigar sanyi biyu suke yini, numfashinsu na fita kamar hayaƙi.

Mako uku da suka wuce likita ya saurari ƙirjin Direba, ya cire abin daga kunnensa, ya dubi Tela bai yi murmushi ba.

"Mama, magani ba zai yi aiki a ɗaki mai sanyi ba. Ko dai ɗakin ya yi ɗumi dare da rana, ko kuma mu ba shi gado a gidan jinyar tsofaffi har sanyi ya wuce."

Tela ta san gidan jinyar nan. Mota biyu ake hawa kafin a je, kuma mutum uku ta sani da aka kai har sanyi ya wuce, sanyin ya wuce, su ba su dawo ba. Ranar ba ta iya cin abinci ba.

Autarsu ce, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ji labarin tallafin da ake ba tsofaffi na kuɗin ɗumama gida, ta cike musu takarda ta waya. Amsa ta zo cewa ma'aikaciya za ta zo ranar Laraba da ƙarfe goma ta duba yanayin gidan. Yau ce Larabar.

Duk abin da Tela ta ji a cikin takardar shi ne baƙuwa za ta shigo gidanta. Ita kuwa tun tana amarya babu wanda ya taɓa shigowa gidanta ya fita da labari. Ko lokacin da motar Direba ta yi wata huɗu a gareji suna kwana da ruwan bunu, baƙo in ya zo sai ya sha shayi da madara. Rufin asiri ne abin da ta mallaka wanda ba a taɓa ƙwace mata ba.

Saboda haka ƙarfe takwas ta buɗe falo. Warin rufi ya buge ta. Ta share, ta goge, ta jawo hita ta kunna har ƙarshe, ta mayar da firiji, ta kunna duk fitilun. Mitar da ke bayan ƙofa ta shiga ƙyafta jan idonta da sauri, kowace ƙyaftawa Tela na jin ta a ƙirjinta. Katin wutar da ta saya jiya na kwana goma ne in aka bi shi da dabara. Ta ɗauke kai.

Waya ta yi ƙara. Auta ce.

"Inna, ba ta zo ba tukuna ko? Don Allah ki bar gidan yadda yake. Kar ki gyara komai, ta gani da idonta."

"To."

"Inna, na san 'to' ɗinki. Wace ƙara nake ji haka?"

"Maƙwabta ne. Ke sai ki koya mini karɓar baƙi? Ki gaida yaran."

Ta kashe wayar. Ta cire wa Direba hular ulu da safar hannu, ta sa masa farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ta tallabo shi zuwa falo suna tafe suna hutawa. Da ya zauna ɗumin ya ratsa shi, sai ya lumshe ido ya miƙe ƙafafu.

"Kai, Tela. Ashe haka masu kuɗi ke ji? Ki ce ta riƙa zuwa kullum."

"In ta zo ka kama bakinka, ban da surutun tasha."

Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, shiru. Sau uku Tela na kai hannu za ta kashe hitar, sai ta ji kamar taku a matakala ta fasa. Sai kusan ƙarfe ɗaya aka ƙwanƙwasa.

Ma'aikaciyar ba ta wuce shekara talatin ba, hancinta ya yi ja don sanyi, da jaka a kafaɗa, gajiya a fuskarta. Tana shigowa ta tsaya, ta sauke numfashi.

"Wayyo daɗi! Mama, gidanku da ɗumi." Ta tuɓe babbar rigarta ta rataye a kujera. "Ku yi haƙuri na makara, gida na bakwai ke nan tun safe. Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi, 'yata."

Daɗi ya kama Tela har kunne. Ta kawo shayi a kofin da ba ya fitowa sai don baƙi. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, sai ta tsaya tana kallon keken ɗinkin da ke lulluɓe a kusurwa, ta dawo da ido kan Tela.

"Mama, ba ke ce mai shago a bakin makarantar 'yan mata ba? Wallahi ke kika ɗinka mini kayan makaranta! Mamata har yau in ta ga ɗinkin banza sai ta ce ina ma hannunki. Sai na gaya mata na zo gidanki."

Tela ta yi dariya ta tambayi lafiyar uwar. Da baƙuwar ido ce, wataƙila da ta iya faɗa mata gaskiya. Wannan kuwa 'yar gida ce, yau da yamma za ta zauna gaban uwarta ta ba da labari.

Yarinyar ta ciro wani ɗan ma'auni kamar wayar hannu ta ajiye a kan tebur, ta buɗe takarda.

"Wannan zafin ɗaki yake aunawa. Zan yi muku 'yan tambayoyi, abin da kuka faɗa shi zan rubuta. Ɗaki nawa kuke ɗumamawa?"

"Duk inda muke zaune," in ji Tela. A ranta ta ce ai ba ƙarya ta yi ba.

"Yara suna taimakawa?"

"Suna ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka."

Babban ɗansu rabon da ya kira tun kafin sanyi. Auta kuwa ɗaki ɗaya suke ita da miji da yara uku.

Ma'aunin ya yi ƙara. Yarinyar ta duba, ta rubuta, sannan ta ɗago ta dubi bangon taga inda fenti ya ɓare, ta dubi hannun Tela da ya tsattsage. Ba wawuya ba ce. Ta ajiye biro, ta rage murya.

"Mama, kullum haka gidan yake? Akwai ranar da kuke barin hita a kashe saboda kuɗi? Ki faɗa mini, ba komai."

Direba ya gyara zama ya buɗe baki. Tela ta dube shi. Kallo ɗaya ne, wanda ya sani tun suna da ƙuruciya, kuma bai taɓa ƙaryata ta a gaban baƙo ba. Maganar ta koma ciki ta fito a tari, tari mai tsawo, har sai da ta dafa masa baya.

"Alhamdu lillahi, 'yata," in ji Tela. "Asirinmu a rufe yake."

"In rubuta babu?"

"Rubuta."

Yarinyar ta daɗe tana kallon takardar kafin ta rubuta. Ta shanye shayin, ta sa rigarta, ta yi wa Direba sallama. A bakin ƙofa Tela ta tambaya, kamar abin bai dame ta ba, yaushe za a fara biyan.

"Mama," yarinyar ta ce tana gyara jaka, ba ta son haɗa ido, "ba zan ɓoye miki ba. Masu nema sun fi kuɗin yawa. Sai gidan da ma'auni ya nuna ƙasa da digiri sha shida ake sawa a layi. Naku ashirin da uku ya nuna, kuma abin da ya auna ya riga ya tafi ofis. Abin da zai iya gyara shi bayaninku ne kawai. In ba haka ba sai baɗi."

Yarinyar ta ɗan jira.

"Allah ya kai mu," in ji Tela.

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Baɗi. Ta ji takun yarinyar na sauka, hawa na uku, hawa na biyu. Sai kawai ta fizge ƙofar ta bi ta, ko mayafi ba ta ɗauka ba, tana dafe da ƙarfen matakala, gwiwoyinta na ƙara. Za ta faɗa. Za ta jawo ta ta nuna mata ɗakin kwana da bangonsa da ya yi baƙi don danshi, ta zaro mata ledar daga ƙarƙashin gado.

Ta cim mata a ƙofar bene. Amma yarinyar ba ita kaɗai ba ce. Matar mai wanki da matar mai gadi sun tare ta suna tambayar yadda ake cike takardar, ga mai gyaran takalmi a kan bencinsa ya baza kunne. Duk suka juyo suka zuba wa Tela ido.

"Mama, lafiya? Akwai abin da kika manta ba ki faɗa ba?" Yarinyar har ta kai hannu kan jakarta.

Tela ta tsaya tana haki. Ta dubi matar mai wanki, wadda ta sha zuwa aron sukari a gidanta.

"Cewa na yi… ki gaida mamarki da kyau."

"Za ta ji, Mama."

Hawan ya ɗauke ta lokaci mai tsawo. Sau biyu tana zama a kan matakala. Ba ta yi kuka ba, haushin kanta ya fi ƙarfin kuka. Da ta shiga, falon na nan da ɗuminsa, fitilu na ci da rana tsaka, Direba na zaune cikin farar riga inda ta bar shi.

"Kin same ta?"

"Na same ta."

"Kin faɗa?"

Ta girgiza kai. Ya gyaɗa kai, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi.

"Ni ma ai ina da baki, ban faɗa ba," ya ce. "Kar ki ɗauka ke kaɗai."

Ta nufi hita za ta kashe, ya ɗaga hannu.

"Bar ta tukuna. Jakata ta tafiya tana saman kwaba ko?"

"Direba…"

"Sauko da ita yanzu, tun yatsunki ba su ƙage ba. Ban son a kai ni gidan jinyar nan da kaya a cukurkuɗe, a ce ba matar kirki gare ni ba."

Tela ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ɗaki, ta fito da jakar da rigunansa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta fara ninkewa.