Jan Bulon Hindu

A ƙauyen Sai Gobe, can bakin kogi kudu da garin Rusairis, ba a gini da jan bulo. Kakan garin, Malam Maliki, ya yada zango a nan ne a hanyarsa ta zuwa Makka, ya ce a ɗan huta kafin a ƙarasa. Hutun nan har jikokin jikoki ba a gama shi ba. Ya bar wasiyya cewa matafiyi ba ya gasa ƙasa, laka da ciyawa sun ishe shi. Mutanen garin kuwa suka riƙe maganar nan gam, ko da yake yawancinsu zuwa birnin Damazin da ke nan kusa ma sai sun kwana biyu suna shawara.

Wata mata mai suna Hindu ce ta karya dokar. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, kuma sau biyu damina tana rusa mata ɗakin laka. A na biyun bango ya danne mata ƙafa, tun daga nan take ɗingishi. Sana'arta sayar da shayi a kamina, inda ake gasa bulo a bakin ruwa. Leburan wurin idan ba su da abin biya sai su miƙa mata bulo, ita kuma ta jefa a daro ta ɗauko a ka. Shekara da shekaru tana wannan tururuwanci har ta tara abin da ya tayar da ɗaki ɗaya. Ta shafe cikinsa da farar ƙasa mai haɗe da shuɗi. Ranar da ruwan farko ya sauka ta zauna a ciki tana jin sa yana dukan bango a banza, ta yi ta dariya ita kaɗai don daɗi.

Alhaji Salih, shehun garin, bai yi dariya ba. Amma abu ne na mace gurguwa, sai ya bar shi a gunaguni.

Ana nan labari ya zo cewa mahalliya, wato hukumar yankin, za ta turo lajna, kwamitin bincike ke nan, ta zagaya ƙauyuka. Wanda aka amince ƙauye ne za a tsara masa unguwanni, a ba shi malamin makaranta da ungozoma da tankin ruwa. Alhaji Salih ya tara dattawa bayan la'asar, ya nuna jan ɗakin da sandarsa.

"Wanga abu shi za ya kashe mu," in ji shi. "In sunka gane shi za su ce mun ci ƙasar hukuma ba izini. Kuma mi za mu ce ma Malam Maliki gobe kiyama?"

Babu wanda ya tashi ya je mahalliya ya tambayi abin da lajnar za ta duba. Me ya sa za a tambaya, alhali Alhaji ya riga ya sani?

Washegari da hantsi suka zo da diga da gatari. Hindu ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa.

"Baba Alhaji, don girman Allah. Da kaina niɗ ɗauko shi, ɗaya-ɗaya. Ku bar min shi, in sunka zaka ni ka amsa laifin."

"Ke ɗiyata, kauce. Ba a gardama da wasiyya."

Mata biyu suka janye ta gefe. Kafin azahar ɗakin ya zama tudu. Samari suka kwashe bulon suka jibge a bayan masallaci, aka rufa masa zana kamar abin kunya. Hindu ta kwana a rumfar Fatsuma maƙwabciyarta, ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Lajna ta iso cikin farar mota, jami'i mai suna Hisham a gaba, da baƙin tabarau. Aka yanka masa rago. Ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, sannan ya tambaya ko akwai wani tsayayyen gini a garin, ko da ɗaki ɗaya ne.

Alhaji Salih ya gyara rawani, ƙirji a gaba.

"Ko ɗaya, ya ustaz. Mu baƙi muke bisa hanyar ɗakin Allah. Ba mu taɓa ƙasar kowa ba."

Hisham ba yaro ba ne. Ya ga jar ƙura a tsakiyar gari, ya ga sawun tushen ɗaki, ya ga gefen bulo yana leƙowa daga ƙarƙashin zana. Hindu ma ta ɗingiso za ta yi magana, wani dattijo ya daka mata tsawa ta koma. Jami'in ya bi ta da kallo, ya yi ɗan murmushi, domin akwai mai babban mashru'in noma, wato katafariyar gona, da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan bakin kogi.

"Tamam, ya Haj. Yadda ka faɗa, haka za mu kai."

Hukunci bai daɗe ba. Sai Gobe ba ƙauye ba ne, sansanin 'yan ci-rani ne, da bakin shehunsu. Malami da ungozoma da tanki aka ba ƙauyen da ke gaba, inda lajna ta tarar da shagon bulo guda ɗaya, ko ƙyaure ba shi da shi. Ƙasar bakin kogi ta tafi ga mashru'i. Mutane kuma aka kwashe su zuwa wani fako nesa da ruwa, aka yanka wa kowane gida fili, da sharaɗin duk wanda bai tayar da ɗakin jan bulo kafin damina ba, filinsa ya koma hannun hukuma.

To, wasiyya fa? Alhaji Salih ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa Malam Maliki tsohon wuri yake nufi. Dattawa suka ce wallahi su ma haka suka fahimta tun da can.

Hindu ta samu fili a can ƙarshe, kusa da juji. Ba ta damu ba. A karon farko tun rushewar ɗakinta zuciyarta ta yi sanyi, don ita kaɗai ce a garin take da bulo a ajiye. Ta roƙi Mati mai amalanken jaki, suka kama hanyar tsohon gari. A bayan masallaci suka tarar da zana a yashe, ƙarƙashinta ba komai sai ɓaraguzai da kunama. Mati ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai an yi hayarsa ne ya kwashe shi, kuma ba a gardama da manya.

Ba ta sha wahalar nema ba. A tsakiyar sabon gari ɗakin Alhaji Salih ya kai linta, kuma maginin bai ko damu ya juya bulon ba. Nan da can a jikin jan bangon, shuɗin farar ƙasarta yana kallon titi.

"Baba Alhaji, wanga bulona ne."

"Naki? Abin da anka rushe don maslahar jama'a, na jama'a ne. Ni kau ni ad da jama'a. Ki yi haƙuri, Allah na tare da masu haƙuri."

Ta je mahalliya. Hisham ya ce a iya saninsa ba a taɓa yin ginin bulo a Sai Gobe ba, ai ita ma tana wurin lokacin da aka faɗa. Kamina ta yi nisa ga mai ƙafa ɗaya da rabi. Damina ta sauka, aka zare turakun filinta aka ba wani.

Yanzu a tsakiyar gari take kafa murhun shayinta, domin nan ne kaɗai ake samun inuwa da rana, inuwar ɗakin Alhaji. Wani lokaci takan jingina bayanta da bangon ta lumshe ido. Rannan babban ɗan Alhaji ya fito zai tafi kasuwa, ya tsaya a kanta.

"Inna Hindu, ɗan matsa da murhun ga gaba. Hayaƙinki na ɓata muna bango."

Ta ja murhun ta koma cikin rana.